Sarƙar Addu'ar Matan Purdell

Darla Renfro tana kicin tana juya wa 'yarta Shayla romon kaza sai wayar bango ta yi ƙara. Mutum ɗaya ce ke kiran wannan tsohuwar wayar, don haka tun kafin ta ɗaga ta san Verna Sue ce, ta kuma san wani na cikin wahala a Purdell.

Matan cocin Baftis na garin suna da abin da suke kira sarƙar addu'a. Mai buƙata ta kira matar fasto, matar fasto ta kira ta gaba, ita ma ta kira ta gabanta, har saƙo ya zagaye gari. Ƙa'idar ɗaya ce: yadda kika ji haka za ki faɗa, ba ƙari ba ragi. Verna Sue ke kiran Darla. Darla ke kiran Glenda Tackett.

"'Yar'uwa, ga saƙo," in ji Verna Sue da muryar da take ajiyewa don wannan aikin. "Mama Opal na roƙon a sa jikarta Shayla a addu'a, ta yi ɓari. Tana kuma gode wa Ubangiji da ya kai yarinyar da uwarta asibitin New Mexico lafiya, ya dawo da su lafiya." Sai ta kwashe da 'yar dariyar kunya. "Kai, ji ni da Allah! Ina ba mai ɗaki labarin ɗakinta. Sannu, Darla. Amma ni ca nake nan Lubbock ta cikin jiharmu kuka je?"

Ludayin ya suɓuce daga hannun Darla ya nutse a tukunya.

"Mama ce ta faɗi haka? Da bakinta?"

"Yadda na ji na faɗa. Kin san ni, ko gishiri ba na ƙarawa."

Darla ta ajiye wayar ta leƙa falo. Shayla na kwance a doguwar kujera ta lulluɓa da bargo, fuskar nan fari fat. Cikinta na wata biyar ruwa ya fashe. Likitan da suka fara gani bai ɓoye musu ba, ya ce ɗan ba zai rayu ba, amma doka ta ɗaure masa hannu muddin zuciyar na bugawa. Ya ce su koma gida su jira, in zazzaɓi ya yi zafi su dawo. Wato su jira sai yarinya ta kama hanyar kabari kafin a ba shi izinin jawo ta. Mijin Shayla na can rijiyoyin mai, ba a samunsa a waya. Darla ta sa 'yarta a a-kori-kura ta tsallaka iyakar jiha da ita zuwa New Mexico, inda doka ta bari aka cire cikin.

To, bara hukumar gundumarsu ta kafa doka: duk wanda ya bi hanyoyin gundumar ya kai mace a cire mata ciki, kowane ɗan gari na da ikon maka shi a kotu. Wanda ya tsaya kai da fata har dokar ta tabbata shi ne Royce Tackett, dattijon coci, ɗan majalisar gunduma, mai neman kujerar majalisar jiha a zaɓen da ke tafe. Har yau bai samu wanda zai gwada dokarsa a kansa ba, kuma kowa ya san yana nema. Glenda matarsa ce.

Darla ba ta yarda akwai Allah ba. Ba wani bala'i ne ya raba ta da imani ba, a hankali ya tsiyaye kamar ruwa a tulu mai tsaga. Shekara da shekaru tana wanke kawunan matan coci a shagonta na gyaran gashi tana saurare: wanda ya warke an ce addu'a ce, wanda ya mutu an ce nufin Ubangiji ne, ba ranar da aka taɓa cewa addu'a ta faɗi. Ba ta gaya wa kowa ba, don a Purdell wadda ta bar coci ta rufe shago. Ta zauna cikin sarƙar tana ɗaukarta gulma ce da aka yi wa wanka aka sa mata kayan Lahadi. Ba ta taɓa zaton wata rana ita za a ɗaure da ita ba.

"Wa ya kira, Mama?" in ji Shayla.

"Masu talla. Ki sha romon nan, yanzu zan dawo."

Ta tarar da mahaifiyarta, Mama Opal, a barandar gidanta tana ɓare wake a faranti. A tsakiyar ciyawar gidan ga allon neman zaɓen Royce Tackett a kafe, yana murmushi da haƙora kamar na talla.

"Mama, me kika yi?"

"Sannu da zuwa, ko gaisuwa babu? Ya jikin yarinyar?"

"Na ce miki kada ki gaya wa kowa inda muka je. Na ce ko ban ce ba?"

"Ban gaya wa kowa ba. Ubangiji na gaya wa."

"Ubangiji ba shi da waya, Mama. Glenda Tackett ce ke da waya, kuma ni ce zan kira ta."

Tsohuwar ta ci gaba da ɓarar wakenta. "To sai me? Glenda ta riƙe Shayla a hannu ranar da aka haife ta."

"Mijinta fa? Dokarsa fa? Ke kika je kika tafa masa ranar da aka kafa ta."

"Haba, 'yar nan. Wannan dokar ta 'yan iska ce, masu zubar da ciki don kada ya hana su yawo. Ina ruwanta da Shayla, matar aure, wadda har ta gama fentin ɗakin jariri?"

"Dokar ba ta tambayar wa ya yi fenti. Hanya ta ce, mota ta ce, wanda ya tuƙa ta ce. Ni ce na tuƙa. Za su tsayar da ni a kotu, su kira Shayla su tambaye ta abin da aka yi mata a kan gadon asibiti, gaban duk garin nan. Hotonta zai hau takardar neman ƙuri'arsa."

Hannun Mama Opal ya tsaya. Ta dubi allon, ta dubi 'yarta.

"Royce mai tsoron Allah ne."

"Royce mai son kujera ne. Ya gano cewa a garin nan in ka riƙe Littafi a hannun dama, ba mai duba abin da hagunka ke yi."

"Kiyaye bakinki. In da ba addu'ata ba, da kun dawo da yarinyar nan da rai?"

Tsoro ne ya buɗe bakin Darla, ba jarunta ba. "Likita ce ta dawo da ita, Mama. Wata 'yar siririyar mata mai tabarau da ta kwana a kanta. Ba wanda ya ji addu'arki. Babu kowa a can sama. Na daɗe da sanin haka."

Farantin ya karkace, wake ya watse a ƙasa. Sai yanzu tsoro ya bayyana a fuskar tsohuwar, kuma ba tsoron kotu ba ne.

"Darla Jean," ta ce a hankali. "Wuta fa. Wuta ta har abada." Ta dafa kujera ta miƙe. "Bari in kira matar fasto a sa ki a..."

"Mama!"

Tsohuwar ta tsaya a bakin ƙofa da hannu a marikin. Abin tausayin ke nan: mace ce mai ƙauna, amma hanya ɗaya tak aka koya mata ta nuna ƙaunar, kuma hanyar ta ƙofar Royce Tackett take bi. Darla ta juya ta shiga mota, ba ta jira ta ga ko an ɗaga wayar ba.

A gida ta daɗe tsaye gaban wayar bango. In ba ta kira ba, sarƙa ta tsinke, kuma ranar Laraba a cin abincin coci za a bi sawu a ga inda ta tsinke. In ta faɗa yadda ta ji, ta yanka wuyanta da bakinta. Akwai wata 'yar ƙofa da matan ke bari: mai jin kunyar matsalarta takan ce tana da buƙatar da ba a faɗa, Ubangiji ya san ta. Darla ta danna lambar.

"Glenda, ga saƙo. Mama na roƙon addu'a, buƙatar da ba a faɗa."

"Opal?" Glenda ta yi dariya mai zaƙi. "Opal da ko basir ɗinta sai da ta sa muka yi wa addu'a da sunansa? Allah sarki, Darla, ba sai kin ɓoye mini ba. Na haɗu da matar fasto a kanti. Ga taliya da kaza a tanda, da rana zan kawo wa Shayla. Royce zai kawo ni, gwiwar nan ta hana ni tuƙi."

Darla ta kwashe kwalaben magani daga tebur ta tura su can bayan gari da sukari. Ta duba a-kori-kura, ta tsince rasit ɗin mai da kofunan shayi na hanya ta cusa a shara. Ta zauna kusa da 'yarta ta gaya mata komai.

"Lubbock muka je. Wajen ƙwararren likita. Zuciyar ta tsaya da kanta. Maimaita."

Shayla ta maimaita. "Mama, ba zan iya tsayawa a kotu ba. Wallahi ba zan iya ba."

"Ba za ki tsaya ba," in ji Darla, alhali ba ta da abin da za ta jingina maganar a kai.

Motar Tackett na tsayawa, sai ga Mama Opal a bayansu da tsohuwar motarta, ta sa rigar zuwa coci. Tsohuwar nan kuwa ba ta taɓa ƙarya ba, ko ga mai talla a waya.

Royce ya cire hularsa ta kaboyi a bakin ƙofa. Dogo ne, mai taushin murya. Ya durƙusa gaban Shayla ya ce Ubangiji ya san zafin rasa ɗa. Glenda ta ajiye tire a kicin, ta buɗe firiji da sunan neman wuri, ta daɗe tana neman wurin.

"Doguwar tafiya kuka sha," in ji Royce, yana juya hular a hannu. "Ta babbar hanya kuka bi, ko ta wajen gonakin auduga?"

"Lubbock ai ba nisa," in ji Darla. Ta ji muryarta kamar ta wata.

"Lubbock." Ya gyaɗa kai. Ya juya wajen tsohuwar. "Mama Opal, ni kuma New Mexico na ji an ce kin ce. Ina so in san yadda zan yi addu'ar ne kawai."

Mama Opal ta dubi jikarta, ba ta dubi Darla ba.

"New Mexico na ce?" Ta yi wata 'yar dariya mai rawa. "Ka ji tsufa, ɗan nan. Can marigayi mijina ya yi jinya, shi ya tsaya mini a rai. Jiya ma a firiji na tsinci makullina. Lubbock suka je. Ka gaya wa matar fasto ta daina ɗaukar maganata ba ta tace ba."

"Allah sarki," in ji Glenda, ta ɗan kalli mijinta.

"To mu yi addu'a," in ji Royce.

Suka kama hannun juna suka kewaye kujerar. Kowa ya sunkuyar da kai ya rufe ido. Darla ba ta rufewa, ta daɗe da dainawa, ƙasa kawai take kallo har a ce amin. Yau ta ɗaga kai. Bakin Royce na zuba kalmomi masu daɗi game da jarirai da mala'iku, idanunsa kuwa a buɗe tar, suna bin tebur, suna bin kantar kicin, suna bin jakar Shayla da ke rataye a ƙofa. Sai suka sauka a kan nata. Bai kau da kai ba, muryarsa ba ta ko girgiza ba. Ya ci gaba da addu'a yana kallonta har ya kai amin.

A bakin ƙofa ya mayar da hularsa. "Sai Laraba, 'yar'uwa Darla. In Shayla ta samu ƙarfi ta zo coci ta ba da shaida. Jama'a za su so su ji daga bakinta."

Motarsu ta fita a hankali. Ya ɗan tsaya daidai a-kori-kurar Darla, sannan ya wuce.

Bai tafi da shaida ba. Wadda ta fara maganar ta janye ta a gaban matarsa, ta kuma sayar da hankalinta a kai: daga yau duk abin da Opal ta faɗa a Purdell, za a ce tsufa ne.

Mama Opal ta zube a kujera. "Na yi ƙarya," ta ce. "Na yi ƙarya, sannan na kama hannu na ce amin."

Darla ta durƙusa ta riƙe hannayenta, sanyi ƙalau. "Kin ceci jikarki. Ba wanda zai ƙona ki, Mama. Babu wutar."

"Ke kike faɗa." Tsohuwar ta zare hannu ɗaya ta share ido. "Ban kira matar fasto a kanki ba. Ni kaɗai zan ɗauki wannan, ban ma san yadda ake yi ba."

Shayla ta ɗago daga bargo. "Laraba fa, Mama? Me zan ce musu?"

"Ba za ki kai Laraba a garin nan ba. Gobe zan kai ki wajen surukanki a Colorado, ki zauna har a gama zaɓe."

"Ke fa?"

"Ni ina da kai uku da zan wanke ranar Alhamis," in ji Darla. "Ɗaya na Glenda ne."

Ta tashi ta murza makullin ƙofa, abin da ba a yi da rana a Purdell, ta ja labule.