Kaya Mai Lamba Arba'in da Bakwai

Ranar Talata, kwana biyu kafin jirgin ruwan Kendari ya tashi, kwamfutar ofishin gunduma ta ƙi tashi. An ɗauke wuta tana aiki, aka dawo da ita, allon ya tsaya baƙi da layi ɗaya na rubutu.

La Sarihu ne ma'ajin kayan ofishin. Shekara talatin da ɗaya yana riƙe da jerin kujeru, kabad, fankoki da duk abin da gwamnati ta saya, kuma a makon nan zai yi ritaya. Ba a sallamar ma'aji sai mai bincike daga babban ofishi ta ga kowane kaya da idonta, da sitikar lambarsa a jiki, yana kuma aiki. Bu Marlina, mai binciken, sau ɗaya take zuwa tsibirin a wata uku. Ta iso da safen Laraba, ta fara da asibitin sha-ka-tafi, ta ce za ta shigo ƙarfe biyu, ta koma da kwalekwalen ƙarfe huɗu. Matar La Sarihu, Bu Sumi, tana birnin Kendari a gidan 'yarsu, an sa mata ranar aikin ido Litinin. Idan bai samu sa hannun yau ba, sai wata uku.

Ya aika aka kira Darwis, ɗan ƙanwarsa, mai gyaran waya da rediyon masunta a kasuwa. Darwis ya haura arba'in, ya zo da sukundireba a aljihun riga da warin kifi a takalmi.

"Kawu, wannan ai ta girmi aurena na fari," ya ce yana zagaya teburin.

"Auren naka ya mutu, ita kuwa jiya-jiya tana aiki. Duba ta."

Darwis ya karanta layin da ke allon. Ya ce abin da ke rumbun ciki ne ya rikice, sai an tashe ta da faifan gyaran da aka kawo ta da shi. Ya tambaya ko faifan yana nan, da muryar wanda ya san amsar.

Yana nan. La Sarihu ya buɗe kabad na biyu da makulli, ya ciro ambulan mai ruwan ƙasa. Darwis ya miƙa hannu, tsohon ya janye.

"Kayan gwamnati ne. Ni zan saka."

Ya danna maɓalli, tiren faifan ya fito rabi ya tsaya. Darwis ya ja shi da yatsa. La Sarihu ya ɗora faifan, rubutun kamfani a sama, ya tura. Suka kashe, suka kunna. Layin nan ya dawo.

Darwis ya shiga shuɗin allon saiti, ya tarar kwamfutar tana ganin ranar ɗaya ga Janairu ce ta wata shekara da ta daɗe da wucewa. Ya sa na'urar karanta faifai a farkon jerin abin da za ta fara dubawa, ya adana, ya cire wayar wuta ya mayar. Ta manta. Ya sake, ta sake mantawa.

"Batirin ciki ya mutu. Ƙarami ne, kamar kwabo. Sai an je birnin Baubau ake samu."

La Sarihu ya buɗe jakarsa ya ciro na'urar gwajin sukarinsa, ya juya bayanta ya ɓalle murfin.

"Irin wannan?"

Irinsa ne. Darwis ya kwance gefen kwamfutar, ƙadangaruwa ƙarama ta fito ta haye bango. Ya sauya batirin, ya hure ƙura, ya cire faffaɗar wayar da ke bayan na'urar karanta faifan ya goge bakinta da gefen rigarsa ya mayar. Yanzu ta riƙe rana, ta riƙe jeri. Faifan ya fara juyawa da gurnani kamar injin kwalekwale mai nisa, ya yi daƙiƙa ashirin, ya tsaya. Layin ya dawo.

Ƙarfe sha ɗaya ta wuce. Fankar sama, lamba tara a jerin, tana juya iska mai zafi. La Sarihu ya cire faifan da kansa ya mayar cikin ambulan, Darwis ya goge idon na'urar da auduga. Suka sake gwadawa sau uku. A karo na huɗu Darwis ya zauna a ƙasa ya jingina da kabad.

"Wataƙila na'urar ce ta mutu gaba ɗaya, Kawu. Babu irinta a tsibirin nan. Ko a makarantar sakandare sun daina amfani da su."

"To gwada wani abu."

"Me zan gwada? Addu'a?"

Suka je sallar azahar suka dawo. Mai shagon da ke gefen ofis ta aiko musu da kasoami, tuwon rogo ke nan, da gasasshen kifi, tsohon bai taɓa ba. Darwis ya ci nasa, ya fita, ya dawo da wani tsohon faifan girka kwamfuta da ya tono a ƙasan akwatin shagonsa, duk ya kakkarce. Ya saka. Na'urar ta juya shiru, rubutu ya fara gudu a allon. Ba na wannan kwamfutar ba ne, ba zai gyara ta ba, amma ya tashi.

Darwis ya daɗe yana kallon allon.

"Kawu, ba ni faifanka."

"Na ce maka..."

"Ba zan ci ba. Riƙe da hannunka, juya min bayansa kawai."

La Sarihu ya juya. A gefen mai ƙyalli, daga bakin ramin tsakiya zuwa kusan rabi, akwai sitika fara mai tambarin gunduma, an manna ta a miƙe kamar da ma'auni. An rubuta 47 da biro.

Darwis bai yi dariya ba. Ƙarfe ɗaya da minti ashirin ne.

"Wa ya manna wannan?"

"Ni. Ranar da aka kawo ta."

"A nan?"

"Ƙa'ida ta ce kada sitika ta rufe rubutun kamfani. Wancan gefen duk rubutu ne. Nan ne babu komai."

"Nan ne komai yake, Kawu. Nan take karantawa. Tun safe muna tuhumar baiwar Allah, ashe ka ɗaure mata ido tun shekara goma sha ɗaya."

Darwis ya ce a ɓare ta, a wanke gam ɗin, wataƙila ya tashi. La Sarihu ya girgiza kai. Irin sitikar nan ba ta fita ɗaya, ana taɓa ta take marmashewa, da gangan aka yi ta haka. Sabuwa kuma daga babban ofishi ake aikowa, bayan an rubuta takardar nema. Faifai babu sitika, kaya na 47 ya ɓata ke nan a takarda. Faifai da sitika, kaya na 12, wato kwamfutar, ba ya aiki. Ko wanne ya zaɓa, gurbi ɗaya zai zauna babu alama.

"Rubuta 47 a takarda ka manna da salatif," in ji Darwis. "Wa zai duba?"

"Ni na kori masinja a kan haka."

Bu Marlina ta shigo ƙarfe biyu da minti goma, mace mai shekara hamsin da ɗoriya, da fayil a hammata da gumi a goshi. Ta zauna a kujera lamba uku, ta cire takalmi ɗaya, ta kira shi da Pak, yadda ake girmama dattijo a nan.

"Pak Sarihu, mu yi mu gama. Ƙafata ta kumbura. Lamba ɗaya, teburin shugaba."

La Sarihu ya tsaya riƙe da ambulan. A shekara talatin da ɗaya bai taɓa neman a sauya komai a tsarin bincike ba.

"Bu, ko za mu fara daga ƙasa yau?"

Ta ɗago kai. Ta dubi kwamfutar da gefenta a kwance, ta dubi Darwis, wanda ya sami abin kallo a silin.

"Daga ƙasa," ta ce. "Arba'in da bakwai. Faifan gyara, guda ɗaya."

Ya ciro ya miƙa mata. Ta duba saman, ba ta ga sitika ba, ta juya. Ta ɗan jima. Sannan ta ɗaga wayarta ta ɗauki hoto, ta sa alama a gurbin.

"Akwai, da lambarsa." Ta mayar masa. "Kujerun roba suna ɗakin taro, ko? Zan fara da su. Ni ba ni da sauri a ƙirga, Pak. Kada ka biyo ni, na san hanya."

Ta sa takalminta ta fita.

Darwis ya miƙa hannu, La Sarihu ya ce a'a. Ya zauna, ya sa tabarau, ya kafa farcen babban yatsa a kusurwar sitikar. Ta marmashe kamar ɓawon ƙwai. Ya ɗauki minti goma sha biyar yana kankarewa. Da ya ciro kwalbar man kayu putih da yake shafawa in cikinsa ya ɓaci, Darwis ya riƙe masa hannu.

"Ba cikin jariri ba ne, zai cinye robar. Man kwakwa, sannan sabulu."

Mai shago ta ba su cokali ɗaya. Suka wanke faifan a famfon alwala, suka goge daga tsakiya zuwa baki da hankicin tsohon. Farcen ya bar ƙananan zane biyu.

A karo na farko bai tashi ba. A na biyu ya juya babu gurnani, allon ya yi shuɗi, wani layi ya fara cika daga hagu. Ya kai kashi sittin da uku ya tsaya. Daga ɗakin taro ana jin Bu Marlina tana jan kujeru ɗaya bayan ɗaya. Ƙarfe uku da rabi layin ya motsa.

Ta iso lamba goma sha biyu saura minti ashirin kwalekwale ya tashi. Allon yana nuna hoton tuta da manyan fayilolin ofis. Ta motsa linzamin kwamfutar, ta sa alama. Sauran sha ɗayan ta duba su a tsaye. Ta sa hannu a takardar sallama, ta buga hatimi, ba ta sake tambayar faifan ba.

"Allah ya ba Bu Sumi lafiya," ta ce daga bakin ƙofa.

Darwis ya ɗaura gefen kwamfutar, ya tuna wa kawunsa ya sayi batirin na'urar sukari a Kendari, ya tafi buɗe shago. La Sarihu ya mayar da faifan cikin ambulan. Ya ɗauki biro ya rubuta 47 a kusurwar ambulan, ya kulle kabad, ya ajiye makullan a teburin shugaba. A hanyar gida yana ta ƙoƙarin ciro farin abin da ya maƙale a ƙarƙashin farcensa.