Fallen Kwano Uku

Alhaji Dawuda bai gama tuɓe takalmi a bakin ɗakin maƙwabcinsa ba, tsohon ya ɗago kai daga filo ya tambaye shi ko ya ɗora abin.

"Na ɗora, Metir," in ji shi, idonsa na kan kwalaben magani.

Bai ɗora ba. Maƙwabcin nasa, Hubert, tsohon malamin makaranta ne, shi ya sa ake ce masa Metir, mutumin Kaélé, katanga ɗaya ce tsakaninsu tun kafin a haifi 'yarsa Micheline. Yanzu tana Turai, cikin masu aikin wani tauraron ɗan'adam mai na'urar rada da aka harba kafin damina, wanda ke ɗaukar hoton ƙasa ko da hadari ya rufe sama. Ita ta gaya wa uban cewa in aka haɗa fallen kwano uku kamar kusurwar ɗaki aka kafa a kan rufi, gidan zai fito a hoton kamar ɗigon haske. Abin da Hubert ke so ke nan kafin ya tafi, 'yarsa ta hango shi daga can.

Dawuda kuwa kwano yake sayarwa a babbar kasuwar Garwa, haɗawar ba ta ci masa wuni ba. Ɗorawar ce ta gagara. Shekarar ce ta tashin hankali a kan iyaka, kuma yana tsoron jandarmomi su ga ƙarfe a saman rufi su tambayi Bahaushe wa yake yi wa alama. Ga 'yan majalisar hirarsu da tsokana, wai Alhaji zai buɗe filin jirgi. Sai ya tura abin bayan banɗakinsa ya rufe da buhu, kullum sai gobe.

Ran Laraba Micheline ta kira, Dawuda na zaune a ɗakin. Tsohon ya manna waya a kunne, yana dariya har tari ya sarƙe shi.

"Ta gan mu, Alhaji. Useko, na gode."

Ya kama hannun Dawuda ya riƙe gam. Kunya ta rufe Alhaji, ya rasa inda zai sa fuskarsa. A hanyar gida har ya fara rarrashin kansa, wataƙila rufin ne ya haska da kansa.

Ran Juma'a da hantsi Hubert ya cika. Micheline ta iso bayan an binne shi. Da Dawuda ya shiga yi mata gaisuwa, ya same ta a tsakar gida tana kallon rufin, babu komai a kai sai duwatsun danne kwano. Ta rusuna ta gaishe shi kamar yadda ta saba tun tana yarinya.

"Ban ga komai ba, Baba," ta ce a hankali. "Na duba hoton har idona ya yi ciwo. Mahaifina ya ce mini kai ka ɗora da hannunka, shi ya sa na ce na gani."

Ba ta tambaye shi dalili ba. Ta shimfiɗa masa tabarma a zaure, ta kawo ruwa ta ajiye a gabansa. Yayyafi ya fara sauka, Dawuda na zaune da kofin a hannu, ya kasa kaiwa baki.