Ruwan da Na Zuba a Disamba

Shekara goma sha tara ina kula da makarantar sakandaren garinmu. Makulli a hannuna yake, ni ke hura tukunyar da ke ɗumama azuzuwa, kuma in za a faɗi gaskiya, ba don ni ba da ginin ya daɗe da zubewa. Ban taɓa zama a aji ba, sai dai in shiga gyaran taga. Amma kwana uku na yi a ƙarƙashin ƙasa da ramin kwal ya rufta da mu, na fito da ƙafata ina tambayar taba. Kaf Bulgariya ba a samun irina biyu. Yara Kawu Zahari suke ce min.

Ranar buɗe makaranta a Satumba, ni ke zuba ruwa a bakin ƙofa da butar tagullar uwata, yara su taka su shiga, don shekara ta tafi musu sumul. Haka nake yi in za su jarrabawa ko gasa. Ba a taɓa taka ruwana aka dawo da kunya ba.

A shekarar da nake ba ku labari, Malama Ruseva mai koyar da kiɗa ta haɗa 'yan waƙarta da 'yan wasan kwaikwayo. Wasan wani makiyayi ne da hadari ya ritsa da shi a kan dutse, za a nuna ranar bikin makarantu a Mayu, ita tana kaɗa fiyano. Ni na kafa dandamali, na yi duwatsu da kwali. Ta kuma ba ni aikin tsawa: in girgiza fallen kwano a bayan labule.

A Disamba aka gayyaci 'yan waƙa zauren gari, waƙoƙin Kirsimeti. Da safen nan matata Penka ta ce min ruwan kaji ya zama dutse, ban kawo komai a raina ba. Motar da za ta kai su ta tsaya, na juye buta guda a kan matakala. Yara suka ɓata lokaci a sama suna neman takalmin wata, ruwan ya daskare. Malama ce ta fara fitowa, rungume da takardu. Ta faɗi a kan hannun dama. Na ji ƙarar, kuma na san ƙarar ƙashi tun daga rami.

Likita ya ce wuyan hannun ya karye biyu. Ƙashi zai haɗe, amma yatsu, ƙila su dawo, ƙila ba za su dawo ba.

Penka ta ce, "Kai da dutse bai kashe ba, ga shi za ka ƙarar da mutane da buta."

Na ɗora butar a kan kabad, na ɗauki romon ƙashi na tafi gidan Malama.

"Malama, ni ne na zuba."

"Na sani, Kawu. Wa ke yawo da buta a Disamba in ba kai ba?"

"In hannun nan bai..."

"Ajiye romon tukuna, zai zube. Ka iya buga abu daidai, ba gaggawa ba jinkiri?"

"Ni? Ni da na kwana uku ina buga bututu har aka ji mu?"

"To ranar Litinin ka zo da babban makullinka."

Haka muka ci sanyin nan. Ita tana tsaye, hannu a ɗaure rataye a wuya, ni ina ƙwanƙwasa bututun ɗumi da makulli, yara talatin suna bin buguna. Ba yabon kai ba, sun fi yin daidai a hannuna. Wata Yoana mai baki ta laƙaba min suna Kawu Ƙanƙara.

"Kawu, yau ba za a yi mana wanka ba?"

"Ke dai gyara muryarki, kamar ƙofar ɗakin kwal. Ko in kawo mai?"

Suna dariya ina dariya, amma ban iya kallon fiyanon nan da ke rufe ba.

A Maris aka kwance ɗaurin. Hannun ya rame kamar ba nata ba. Sai ta riƙa zuwa da sassafe kafin kowa, tana tsammanin ba mai ji. Ni kuwa a ɗakin tukunya bututu ke kawo min komai. Takan fara lafiya, sai ta kai wurin hadari, inda kiɗan ke gudu, nan take tsayawa. Shiru. Ta sake daga farko. Har ƙarshen Afrilu a nan take tsayawa, ni ma a nan nake ajiye shebur.

Ranar biki zaure ya cika, iyaye da furanni har kan tagogi. Aka nemi Malama aka rasa. Na same ta a waje, tsaye a bakin ƙofa.

"Ina butar?"

"Na daina, Malama."

"Mayu muke, Kawu. Ko kai ba ka isa ka daskarar da shi ba. Ba zan shiga a bushe ba."

"A gida take."

Penka da ke bayana ta buɗe jaka ta miƙo min ita, cike. Ashe sun gama magana tun jiya. Na ɗiga kaɗan.

Malama ta ce, "Wannan ai hawaye ne. Zuba."

Na zuba, ta taka ta wuce.

Ina bayan labule da kwanona aka fara. Waƙar farko ta wuce, ta biyu ta wuce. Sai ga wurin hadari. Na runtse ido ina jiran shirun nan da na sani. Bai zo ba. Kiɗan ya haye wurin a guje ya ci gaba, ni kuwa na tsaya kamar an dasa ni. Yaron da ke makiyayi ya ɗaga kai sama ya ce, "Ga tsawa nan tafe." Ba tsawa. Ya sake faɗa, da ɗan ƙarfi. Sai da Yoana ta zungure ni da ƙafa na farka, na girgiza kwanon har dutsen kwali ɗaya ya kife. Har yau ana zancen tsawar nan a gari, ba a taɓa jin irinta ba.

Da aka tashi Malama ta zo ta kama hannuna da hannun daman nan, ta matse.

"Ka ji?"

"Na ji. Saki, za ki karya ni."

Na sauka ɗakin tukunya na zauna a kan bokiti, abin da ko ranar da na fito daga rami ban yi ba.

Har yanzu ni ke zuba ruwa. Sai dai daga Nuwamba zuwa Maris cokali ɗaya ne, ta cikin ƙofa, Penka na tsaye da tsumma.