Kafin Gam Ya Bushe

"Ba nan ba, Tela. Sa farcenka ƙasa kaɗan. Ka ji rami?"

Na ji. Sandar ƙarfen da ke juya farfelar injin kwale-kwale ce a cinyata, ta cinye a zagaye, daidai inda robar da ke hana ruwa shiga take zama. Baba Sufana, maƙwabcina, yana kwance a bakin ƙofar ɗakinsa, ya dafe ciki da hannu biyu. Tun safe ciwon ya kayar da shi, asibiti kuma yana tsallaken kogi. Kogin ya cika ya batse, ba mai shigarsa da filafili, sauran masu inji duk sun tafi kamun kifi can nesa. Inji ɗaya ya rage a unguwar, nasa, shi ma a kwakkwance a tsakar gida, man giyarsa ya zama fari kamar madara saboda ruwa.

Duk tsawon zamanmu gyaran injin mutane yake yi, nasa kullum sai gobe. Na sha yi masa tsiya a kan haka. Ranar ban iya ba.

"Baba, mu sa sabuwar roba kawai mu tafi," na ce.

"Ta zauna a kan me? Na sha matsar da ita, babu sauran wuri mai lafiya. A tsakiyar ruwa giyar za ta ƙone, ku bi ni lahira ku duka." Ya numfasa. "Wanke ramin da fetur. Ka goge da samfefa, a hankali, ba yadin mata ba ne."

Ni da ban san komai ba sai allura da almakashi, na wanke, na goge. Na haɗa gam ɗin nan mai kwalba biyu yadda ya ce, na cike ramin, na shafe da bakin reza. Ya sa aka kai masa kusa da ido, ya juya sandar ya duba.

"Tela, ashe kana da amfani."

Inna, matarsa, tana yi masa fifita. Ta ce, "To, a ɗaura mu tafi."

"Sai ya bushe."

"Yaushe zai bushe?"

"Ba ya jin magana, Inna. Ni ma na sha roƙonsa."

Na kai sandar inda rana ta fi zafi, na ɗora a kan turmi. Sai hadari ya taso ya rufe ranar. Na ce in hura gawayi in kanga, ya girgiza kai, ya ce wuta za ta sa ya tsage. Haka na zauna ina kallon gam, ƙato da ni, ba abin da zan iya yi. Ban taɓa jin haushin wani abu kamar yadda na ji haushin gam ɗin nan ba. In na danna farce a gefe, sai ya shiga. In koma in zauna, in sake tashi.

"Kana ɓata mini aiki," ya ce, muryarsa ta yi ƙasa sosai. "Zo ka zauna nan."

Na zauna kusa da shi. Ya faɗa mini yadda zan goge shi ya yi sumul in ya yi ƙarfi, da yadda zan shafa wa robar mai kafin in tura ta. Ya sa na maimaita. Ina cikin maimaitawa na ga Inna ta daina fifita.

Mutane suka fara shigowa suna salati, aka ɗauki gawarsa aka shiga da ita ɗaki. Wani ya tattara sufanun gyaransa daga hanya. Da yamma ta yi, na tsinci kaina a gaban turmin. Na danna farce a kan gam ɗin. Ya yi tauri.