Tumatirin da Ya Hau Kwale-kwale

Gonar Dogo aro ce daga kogi. Duk rani ruwa kan ja baya ya bar tsibirin laka a tsakiya, shi da matarsa su haye su dasa tumatir. Da damina ta matso, kogi ya dawo ya karɓi abinsa.

A bana wani tushe ya fito daban a ƙarshen kunya. 'Ya'yansa dogaye ne, masu zane fari-fari kamar an bi su da alƙalami. Dogo bai san daga ina ya zo ba. Yakan tsuguna gabansa har inuwa ta juya, yana hango tsibirin baɗi cike da irinsa. Sai dai iri ba ya kyau sai ɗan ya nuna a jikin uwarsa, waɗannan kuwa kore ne shar, ga ruwa ya fara lasar kunyoyin bakin gaɓa.

Ranar tsinka ta ƙarshe matar ta jera kwanduna, kwale-kwale ya cika dam. Tana waiwayowa ta ga mijin ya haƙo tushen da ƙasarsa, ya dasa shi cikin bahon wankinta.

"Malam, wannan fasinjan a ina zai zauna?"

"Sauke kwando biyu."

"In zubar da nunannu saboda ɗanye? Rana ce ta dafa maka kai?"

"Waɗancan na bana ne, uwar gida. Wannan na baɗi ne."

"Ni da na bana nake miya. Kai ka sauka mana, ka ba shi wurinka, ya tuƙa mu."

Ya tsaya rungume da baho, ruwa na zagaye idon sawunsa, ganyen na shafar gemunsa. Ta daɗe tana kallonsu su biyun. Sannan ta ja dogon tsaki, ta sa ƙafa ta ture kwanduna biyu.

Tumatir ya bazu a kan ruwa, jajur, yana juyi a hankali. Da suka tashi sai ya biyo su a baya kamar garken da ya gane makiyayinsa. Dogo na tuƙi yana waige, har ya manta inda gaɓa take.

Matar ta jawo bahon kan cinyarta, ta kare shi daga iska da gefen zanenta.

"Dubi gabanka, Malam," in ji ta. "Kuma rage sauri, furensa na zuba."