Turmin Kaltoumi a Hawa na Uku

Ranar da aka raba makullai, Kaltoumi ta ɗaura atamfar da ta ajiye tun bikin autarta, ta bi mijinta Soumaïla har bakin tsohuwar masana'antar sabulu da ke ƙarshen Zongo. Mutanen unguwa ba sa cewa masana'anta, izin suke cewa, yadda Faransanci ya bar musu. Shekara ashirin da biyu Soumaïla ya yi yana hura wutar babbar tukunyar wurin. Ita kuwa a bakin ƙofar ta fara sayar da sakwara tana budurwa, a nan ma suka ga juna. Da aka rufe izin ɗin sai ya koma kango. Ciyawa ta fi mutum tsawo, gafiyoyi suka kafa gari, bakanikai suka mai da gefe guda jujin matattun motoci. Shekara goma sha bakwai ana haka.

Yanzu ga benaye shida masu fenti ruwan ƙwai, ga makarantar yara, ga ƙaramin asibiti da jerin shaguna. An shimfiɗa wa hanyoyi bulo, an dasa itatuwa, kowane da ɗan kejinsa saboda awaki. Tsofaffin ma'aikata aka fara ba haya, aka kuma yi ƙuri'a don kada a ce an yi son kai. Soumaïla ya sa hannu a kwali ya zaro takarda: gini na biyu, hawa na uku.

Sau biyu Kaltoumi ta tsaya hutawa a matakala, amma da aka buɗe ƙofa ta manta da gwiwoyinta. Iskar teku ce ta fara tarbarta. Ta murɗa famfo, ruwa ya zubo, ta rufe, ta sake murɗawa tana dariya. A ɗakin hayar da suka baro, duk damina sai sun ɗora katifa kan bokitai.

"Baban Nimatou, a nan ruwan sama sai dai ya wuce mu," in ji ta.

Soumaïla yana tsaye a taga. Ya nuna mata wani dogon ɗaki na jan bulo can ƙarshen fili, mai bututun hayaƙi, shi kaɗai ya rage cikin tsofaffin gine-gine.

"Ga ɗakin tukunyata can. Sun ce shi ma za su rushe."

Kwana uku suna karɓar 'yan barka. Rana ta huɗu Kaltoumi ta ce lokacin komawa sana'a ya yi. Ƙarti biyu suka hau da turminta, wanda kakarta ta zo da shi daga Djougou, suna nishi suna tambayar ko da dutse aka sassaƙa shi. Da hantsi doya ta nuna. Ita da ƙanwarta Labiba, wadda suke sana'ar tare, suka ɗauki taɓare suka shiga kirɓi a tsakar kicin.

Ba su yi nisa ba aka buga ƙofa.

Wata dattijuwa ce gajera mai tabarau, farar ƙura a kan ɗankwalinta, a hannunta hoton wani mutum mai kwat, gilashinsa ya tsage gida biyu.

"Sannunku da aiki," ta ce da Hausar kasuwa. "Ni ce Madam Senami, ta ƙasanku. Wannan mijina ne. Shekara tara da rasuwarsa bai taɓa motsi ba, yau ya diro daga bango."

Kaltoumi ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. Ta shiga ba da haƙuri, ta ce wallahi ba ta taɓa zama a saman wani ba, ba ta san duka yana sauka ba. Madam Senami ta ce ba faɗa ta zo yi ba. Ungozoma ce da ta yi ritaya, rabin yaran Zongo a hannunta suka faɗo, ta san Hausawa da Dandawa ba sa rabuwa da turmi. Amma silin ɗinta yana zuba cikin shayi.

Da rana Kaltoumi ta ƙarasa kirɓin a hankali kamar mai satar hanya, ta zuba malmala biyu da miyar gyaɗa da soyayyen wagashi, cukun nan na Fulani, ta sauka da kanta ta kai. Bayan la'asar Madam Senami ta dawo da kwano a wanke. Ta daɗe a tsaye a bakin ƙofa.

"Maƙwabciya, kin saka ni a uku. Ƙarar ba na so, abincin kuma ba zan iya haƙura da shi ba."

Daga nan aka shiga dabaru. Suka sa tsohuwar katifa ƙarƙashin turmi, sai turmin ya riƙa rawa, sakwara ta fito da gudaji. Suka gwada tayar mota, ƙarar ta ragu amma Madam Senami ta ce yanzu cokulanta ne ke kaɗawa a aljihun tebur. Suka sauke turmin tsakar gida, mai gadi ya zo da gudu ya ce bulon hanya zai fashe, shi za a kora. A ƙarshe Labiba ta sayo garin doya na leda, wanda ake tuƙawa kamar tuwo. Masu saye suka ɗanɗana suka koma wani layi. Soumaïla ya ci loma uku, ya wanke hannu ya ce yau ba ya jin yunwa sosai.

Ashe ba ita kaɗai ba ce. Da ta fara shiga gidajen maƙwabta sai ta ga kowa da ɓoyayyen laifinsa. Wata tana hura gawayi a baranda ta rataya zane don kada a gani. Wata ta shanya barkono a matakala, duk mai hawa sai ya yi atishawa. Wata kuma da za ta yi suna, sai da ta kai tukwanenta gidan uwarta a unguwar Akpakpa, can ƙetaren gada, aka dafa aka ɗauko a mota, shinkafar ta iso a sandare. Kowacce tana son sabon gidanta kamar me, kowacce kuma ta rasa inda za ta yi girkin da ya wuce na mutum biyar.

Madam Senami ce ta ce a rubuta wa masu ginin takardar koke. Ta zauna da biro da tabarau, matan suka kewaye ta, ta rubuta da Faransanci, mata talatin da ɗaya suka dangwala. Bayan mako biyu aka kira taro a makarantar yara, manya suka matsu a kan ƙananan bencina.

Wadda ta zo daga ofishin masu ginin wata matashiya ce mai suna Kaoutar, ita ta zana gidajen. 'Yar Zongo ce, jikar wani mai sayar da goro da kowa ya sani, ta yi karatunta a waje. Ta manna babbar takarda a allo, ta nuna abin da ya rage: za a rushe ɗakin tukunya a yi wurin ajiye babura.

Tidjani, shugaban masu zemijan, wato 'yan acaɓan da ke zaune a benayen, ya miƙe ya ce wurin nasu ne, an yi musu alkawari, ba za su riƙa hawa da babur bene ba. Maza suka ce gaskiya ne. Madam Senami ta zunguri Kaltoumi da gwiwar hannu.

Kaltoumi ba ta taɓa magana a taron maza ba. Ta miƙe, ta gyara mayafi.

"Ni ban yi lakwal ba, ban san boko ba," ta ce. "'Yata, gidan da kika zana mana, Allah ya saka miki. Tun da na shiga ban taka ruwa ba. Amma kicin ɗin na mai dafa taliya ne. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Tidjani, kai da kake magana, shekara nawa kana cin sakwarata? Wata biyu ke nan kana wucewa ta gaban teburina kana kau da kai. Na ga ka."

Duk ajin ya fashe da dariya. Tidjani ya rufe fuska da hularsa, ya ce shi dai ba a haife shi don ya ci garin leda ba.

Kaoutar ta fi kowa dariya, har da share hawaye. Ta ce, "Inna, kun kama ni. Mahaifiyata ma na ce ta dawo nan, ta leƙa kicin ɗin ta ce in bari sai ta mutu. Ban gane ba sai yau. Amma ina za a sa turame? Duk inda aka kirɓa, daɓen zai fashe."

Soumaïla ya ɗaga hannu daga baya.

"Daɓen ɗakin tukunya ba zai fashe ba. Kaurinsa ya kai ƙuguna. Ina wurin aka sake zuba shi, kwana shida muna dama kankare. Tukunyar da ya ɗauka ta fi motar tirela nauyi. Ku da za ku rushe, sai ya cinye muku haƙoran injin."

Kaoutar ta dubi takardarta. Ta ce ba za ta yi alkawari ba. Wurin ya sha sinadarin sabulu shekara da shekaru, sai an ɗebi ƙasa da ɓaraguzan bango an auna, don ba za ta bari a dafa abincin mutane a kan guba ba. In ya yi kyau, za ta kai maganar gaba. Babura kuma akwai fili a gefen katanga, rumfa kawai yake bukata. Tidjani ya ce in dai da rumfa da ƙofa mai kwaɗo, shi ya yafe.

Wata huɗu aka yi ana jira. Sakamako ya fito cewa daɓen lafiya lau, amma bango ɗaya sai an kankare shi har ciki. Aka kankare, aka yi sabon shafe, aka fasa manyan tagogi, aka ja famfo uku. Murahu shida aka gina a jere, hayaƙinsu yana bi ta tsohon bututun. Soumaïla kullum yana can tun safe, ba wanda ya ɗauke shi aiki, yana nuna wa magina inda tsofaffin bututan ruwa suka bi. Yakan dawo gida da siminti a gira, yana cin abinci kamar saurayi.

Ranar wata Asabar aka buɗe. Ƙartin da suka hau da turmin Kaltoumi su suka sauko da shi, suna cewa wannan karon kada a sake kiransu. Turame tara aka jera. Matan Djougou, na Dosso, na Parakou, da matan ƙabilar Fon biyu daga gini na biyar, kowacce ta kama taɓarya. Kaltoumi ta fara saukewa, Labiba ta amsa, sauran suka shigo ɗaya bayan ɗaya har lugude ya haɗu. Daɓen ko gezau. Wasu suka riƙa jefa taɓarya sama suna tafi kafin su cafe. Mutane suka fito baranda suna kallo, masu zemijan suka jeru da kwanoninsu, Tidjani a gaba.

Madam Senami ta sa aka kawo mata kujera ta zauna a bakin ƙofa. Can ta ce ita ma a ba ta ta gwada. Ta ɗaga taɓarya da ƙyar, ta sauke a gefen turmi, doya ta yi tsalle ta faɗa cikin bokitin ruwa. Ta mayar da taɓaryar ta ce kowa da kiwon da ya karɓe shi, ita aikinta ɗanɗano.

Ana cikin cin abinci Kaoutar ta zo ta tsuguna kusa da Kaltoumi, da igiyar awo a hannu. Ta auna faɗin turmin, ta auna tsawon taɓarya, ta rubuta a ɗan littafi.

"Inna, an ba mu wani tsohon wurin a Akpakpa, inda ake gyaran kwale-kwale a da. Gida ɗari da ashirin za a yi. Ina so ku zo ku duba mini zanen kafin in kai."

"Ni? Ai ko sunana ban iya karantawa ba."

"Ba karatu nake so ba."

Kaltoumi ta dubi mijinta. Soumaïla ya ce da bakinsa cike, in za a je a tafi da shi, don wuraren nan kowane da abin da aka binne a ƙarƙashinsa.

Ranar Litinin da safe Kaltoumi ta bar wa Labiba tukunya, ta hau bayan babur ɗin Tidjani, Soumaïla a wani babur ɗin yana biye. Suna kan gada tana riƙe da mayafinta da hannu ɗaya, ta sunkuya ta ce wa Tidjani ya rage gudu, tana da abubuwa da yawa da za ta faɗa wa yarinyar nan, tana so ta isa da su a jere. Na farko, wurin shanya.