Man Gingimari

Sau uku Malamin Dabbobi yana taka giya, sau uku babur ɗin yana cewa ƙarau, ya yi tsalle gaba, ya mutu. A na huɗu saura ƙiris ya shige da shi cikin tulin tsofaffin tayoyin da ke bakin gareji. Ya sauka yana huci, ya tuɓe hular kwano.

"Ka gani da idonka ko? Yau kwana shida da ka ce ka yi masa sabis!"

Bakaniken ya matso kusa da babur ɗin. Mijin ƙanwar Malamin ne, kuma a layin nan kaf babu wanda ya san kan baburan daji, masu dogayen ƙafafu da shuɗin hayaƙi, kamar shi. Guda shida na ofishin su Malamin duk a hannunsa suke, da su ya yi suna.

A kan bencin gefe Baba Direba yake, mahaifin Malamin. Ya biyo bayan ɗansa ne da cewa zai miƙe ƙafa, amma gaskiyar ita ce gidan ne ya ƙi zaunuwa. Shekara talatin da takwas yana jan gingimari kafin ido ya raba shi da titi. Ya zauna, ya tashi, ya gyara hula, ya sake zama a ɗaya bakin bencin.

Akwai abin da shi kaɗai ya sani. Jiya da la'asar, bayan ɗan nasa ya fita, Baba ya zagaya babur ɗin a tsakar gida, ya buɗe murfin giyabos, ya tsoma tsinke. Abin da ya gani ya ba shi haushi. Wannan ruwan shayin ne za a tura mutum daji da shi? Ya kwanta a kan buhu, ya lalubo notin ƙasa da yatsa, ya tsiyaye man tas. Sannan ya ɗauko galan ɗinsa na bayan ƙofa, man giya mai kauri irin na manyan motoci, wanda ya adana tun barinsa aiki, ya ɗura. Bai gaya wa kowa ba. So yake yaron ya dawo yana yabon laushin giya, sannan ya yi gyaran murya ya ce aikin manya ne.

Giya dai giya ce, ya faɗa a ransa. Ai mai kauri ba ya ɓata ƙarfe.

Bakaniken ya fara daga sama, yadda ya saba. Ya matsa hannun kuloci, ya saki, ya auna sakin wayar da ɗan yatsa. Daidai take. Ya tsuguna ya girgiza ƙarfen giya, ko haƙoransa sun cinye, ya ɗaure notin da sifana ko da yake ba ya buƙata. Ya ɗaga ƙafar baya, ya juya ta da hannu yana neman firi. Sai da ƙyar ya samu.

"Yaya, ka faɗi da shi ne a daji?"

"Ni zan faɗi? Shekara nawa ina hawa? Ka ga, shanu ɗari biyu ke jirana, allurar rigakafi tana cikin ƙanƙara tana narkewa. Kada ka ɗora mini laifinka."

"Ba ɗorawa nake ba. Kuloci ne ba ya saki. Ka matse shi, amma faifan suna manne."

Maƙwabta sun fara taruwa, mai faci da mai walda da mai gyaran wuta, kowa da tsummansa a hannu. Mai walda ya tambaya ko man da ake haɗawa da fetur ne ya yi yawa. Bakaniken ya girgiza kai. Ya ce wancan na injin ne kawai, ƙonewa yake ya fita ta salansa. Giyabos nasa man daban ne, kuma faifan kuloci a cikinsa suke iyo. In man ya yi kauri sai su manne kamar takardun da ruwa ya jiƙa.

Baba Direba ya kasa kunne. A gingimari kuloci busasshe ne, ba ruwansa da mai. Wa ya taɓa jin kuloci mai wanka? Ya miƙe, ya je bakin titi, ya dawo. Ya nemi ruwan sha, aka kawo, ya riƙe kofin bai sha ba.

Aka tura tsohon kwano ƙarƙashin injin. Noti ya fita, man ya biyo baya a hankali, yana ja kamar zuma, wari irin na ruɓaɓɓen ƙwai ya cika rumfar. Mai faci ya toshe hanci.

"Kai! Wannan ai man tirela ne!"

Bakaniken ya shafa shi tsakanin yatsu biyu. Ya san galan ɗin, duk ranar da ya je gaisuwa a kusa da shi yake tuɓe takalmi. Bai ɗago ya dubi benci ba, ko sau ɗaya.

"Kuskurena ne, Yaya," ya ce. "Na ɗauki galan ɗin da ba shi ba. Ka yi haƙuri."

"Haƙuri? Da a kan gangare ya yi mini haka fa? Wallahi yau ɗin nan zan gaya wa ofis su kwashe baburansu. Zumunci daban, aiki daban."

Kunya ta rufe Baba Direba, irin wadda bai ji ba tun yana koyon tuƙi. Ga mutane, ga ɗa, ga suruki durƙushe a cikin datti yana ɗaukar kayan da ba nasa ba. Ya ajiye kofin.

"Ni ne na zuba," ya ce. Muryar ta fito ƙarama, ya sake ɗaga ta. "Ni na zuba, jiya. Nasa man na zubar, na sa nawa."

Sai Malamin Dabbobi ya yi wata 'yar dariya, ba ta raini ba, ta tausayi, wadda ta fi raini ciwo.

"Baba, don Allah zauna. Kullum sai ka tare masa. Kai da sai an danna maka lamba a waya, ina za ka ga noti a ƙarƙashin injin?"

"Na ce maka ni ne! Je ka gida ka duba galan!"

"Allah sarki, dattijon kirki," in ji mai walda. "Irin surukan nan sun ƙare."

Bakaniken ya ci gaba da aikinsa. Ya wanke cikin giyabos, ya zuba siririn mai, ya tayar da injin ya bar shi ya yi zafi, ya sake tsiyayewa, ya sake zubawa. Da aka taka giya ta shiga shiru, babur bai motsa ba sai da aka saki kuloci. Malamin ya ɗaure akwatin allurarsa, ya sa hula. Kafin ya hau ya riga ya kira ofis, kowa yana jin sa yana cewa a turo mota gobe a kwashi sauran biyar ɗin.

Ƙarar ta yi nisa. Maƙwabta suka watse ɗaya bayan ɗaya, ba wanda ya dubi bakaniken.

Baba Direba ya tako har inda yake tsugune.

"Kai ka san ni ne. Don me ba ka faɗa masa ba?"

Surukin ya gyara tsugunonsa, kansa a ƙasa, yana goge sifanar da ta riga ta goge.

"Baba, da wane bakin?"